Verlon, Mutumin Kujerar Baya

Shekara goma sha bakwai ina kamun kifi da Verlon Gaskin, amma in aka ce in faɗi yadda fuskarsa take a cikin jirgi sai dai in yi ƙarya, don ban taɓa kallonta ba. Ni ne a gaba, shi ne a baya. Jirgin nawa ne, kuma a ƙungiyarmu ta masu kamun kifin nan da ake kira bas, mai jirgi shi ke tsayawa a goshi, ƙafarsa kan ɗan injin da ke lallaɓa jirgin, idonsa kan allon na'urar da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Na baya kuwa sai abin da na gaba ya rage masa. Haka muka tarar ana yi, ni kuma tsarin ya yi mini daidai, don Allah ya yi ni da son a ganni a gaba.

Verlon yayan matata ne, Nadine. Ya girme ni da shekara tara, dogo ne siriri, kuma magana tana yi masa tsada. In ya yi jimla uku a jere Nadine takan taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar da ke ƙera ragar wayar nan da ake jera kaya a kai cikin firij, har yatsunsa suka saba, duk guntun wayar da ya tsinta sai ya lanƙwasa ta ta zama wani abu. A coci ma ana wa'azi yana murɗa wayar takarda. Matarsa ta rasu tun 'ya'yansu ba su gama makaranta ba, bai sake aure ba, ya raba kansa tsakanin rumfar aikinsa ta bayan gida da tafki.

Tafkin kuwa kusan gadonsa ne. Gonar kakansu tana ƙarƙashinsa tun lokacin da aka datse kogin Tennessee ruwa ya hau. Mahaifinsu ya sha ɗaukarsa a ɗan kwalekwale yana nuna masa saman ruwa da yatsa, nan ne tsohuwar hanya ta bi, nan rijiya take, can ne aka sare itatuwa aka bar kututture. Ni na sayi na'ura mai allo don in ga waɗannan abubuwan. Shi a kansa suke.

Shekarar da wata sabuwar fatsa da ake kira laima ta shigo gari, ni ne na fi kowa zaginta. Kan dalma ne guda, da wayoyi biyar da suka buɗe kamar haƙarƙarin laimar da iska ta yage wa yadi, a bakin kowace waya ɗan kifin roba. In ka jefa ka jawo ta a hankali sai ta zama garken ƙananan kifaye, bas kuwa da sanyi ba abin da yake so irin garke. Na tashi a taron ƙungiya na ce wannan ba fatsa ba ce, abin shanyar kamfai ne, kuma ranar da aka ga na jefa ta a kira mini likita. Bayan sati biyu ina da guda shida.

Verlon bai sayi ko ɗaya ba. Ya ɗauki ta kanti ya juya ta sau biyu, ya mayar inda take, ya tafi rumfarsa. Tasa da ya ƙera wayar tsakiya ta fi sauran tsawo da kamar yatsa biyu. Da na tambaye shi dalili ya ce kifi ba ya son wahala, wanda aka bari a baya yake ɗauka. A gefenmu doka ƙugiya uku ta yarda a sa, don haka kifayen roba biyu na sama hoto ne kawai, ba ƙarfe a jikinsu. Ranar Juma'a kuma, in mun fita leƙen wuri kafin gasar Asabar, ko ukun ma mukan yanke musu tsini, don kifin da ya ji ƙarfe yau ba zai dawo gobe ba. Ka ji ya buga, ka san yana nan, ka wuce abinka. Duk wanda ya san aikinsa haka yake yi.

Aibin laima nauyi. Ka wuni kana jifa da ita, da yamma sai a taimaka maka cire riga. Ita ta cinye kafaɗar Verlon ta dama, aka yi masa aiki, ya yi wata biyar a gida yana lanƙwasa cokulan Nadine. Da ya dawo jirgi sai ya dawo ba kifi. Gasa ta farko bai kama ba, na ce jiki ne bai saki ba. Ta biyu ma haka. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, Verlon bai sa kifi ko ɗaya a jirgina ba. Ina jin faɗuwar laimarsa a ruwa daga baya, a hankali, kusa-kusa, sai kuma shiru.

Ni kuwa a shekarun nan biyu hannuna ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa ba. Jifa-jifa nakan ji muryarsa daga baya yana cewa in gwada hagu, bakin tsohuwar hanya, in bar ta ta nutse zuwa ƙirga takwas. Sai in jefa don kada in kunyata tsoho, sai kuwa in ji an fizge. Da yamma wajen awo ni ke ɗaga kifi a ɗauke ni hoto, in yi wa mutane bayanin yadda na karanta ruwa. Har wani lokaci nakan dafa kafaɗarsa, mai ciwon ma, in ce kada ya damu, kowa da ranarsa.

Ƙungiyarmu tana ba gwanayen shekara jaket kore da sunan mutum a ɗinke a ƙirji. Ba wani jaket ba ne, ko ruwa ba ya tarewa, amma ina son sa kamar raina. Sau biyu muna zuwa na biyu. Sai na zauna na yi tunani irin na masu wayo: kifi biyar ake aunawa, ni kaɗai ke kamo biyar ɗin, ina ga in da mai taimako? Ana cikin haka Royce Tidwell, mai sayar da inshora, wanda jirginsa ke da allo huɗu, ya tare ni a gidan cin abinci ya ce abokin hawansa zai koma Florida. Ya ce mutum irina bai kamata ya ƙare rayuwarsa yana yawo da fasinja ba. Kalmar ta yi mini daɗi, na miƙa masa hannu kafin kofina ya huce.

Da na gaya wa Nadine ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce yayanta ne amma abokina ne, in gaya masa da bakina, kada ya tsinta a gari. Sati uku ina yawo da maganar a ciki. Na shirya ta a mota, na shirya ta a wanka, har na samo wata mai daɗi wadda a ƙarshenta shi zai gode mini.

Gasar ƙarshe ta shekara ta faɗo Asabar ta biyu a Disamba. Sanyi ya sa igiyar jirgi ta sandare, hazo ya kwanta kan ruwa. Verlon ya zo da abin da ya saba zuwa da shi shekara goma sha bakwai, burodi biyu masu zafi da ƙwai da tsiran alade a ciki, ɗaya nasa ɗaya nawa. Ina so a rubuta a tarihi cewa sai da na cinye nawa tas, na lashe yatsa, sannan na buɗe baki. Jawabin da na shirya kuwa ya gudu ya bar ni.

Na ce, "Yaya Verlon, baɗi fa ina ganin zan gwada hawa da Royce."

Ya ce, "To."

"Ba wai don wani abu ba. Ka gane, kafaɗar nan taka tana son hutu, ni kuma..."

"Na ji, Odell. Royce yana da jirgi mai kyau. Ja hularka, kunnenka ya yi ja."

Shi ke nan. Na so ya yi fushi ko ya zage ni, in samu abin riƙewa, amma ya zauna kujerarsa ya ɗaura rigar ruwa. Muka tashi.

Daga fitowar rana har ƙarfe goma sha ɗaya ban ji ko taɓi ba. Allona cike yake da ɗige-ɗige, na jefa gabansu, na jefa bayansu, na canja launi, na canja gudu. Daga baya ina jin faɗuwar laimar Verlon kamar kullum, amma murya babu. Ba hagu, ba dama, ba tsohuwar hanya. Na ce a raina tsoho ya yi zuciya, to ya yi ta yi, ai ba da bakinsa nake kama kifi ba.

Wajen sha ɗaya da rabi laimata ta maƙale a kututture. Mai hankali yakan zagaya da jirgi ya zura ƙarfen cirewa ya kuɓutar da ita. Ni na fizga da haushin safiya gaba ɗaya, zare ya tsinke, laima ta zauna a gonar kakan Verlon. Na buɗe akwatina na tuna sauran suna kan kujerar mota, inda na ajiye su lokacin da nake bitar jawabi. Sai na miƙa hannu baya, ko juyawa ban yi ba.

Na ce, "Ba ni sandarka, tunda kai ba amfaninta kake ci ba."

Na ji ya ɗan yi jim. Sannan sandar ta sauka a tafina.

Jifa na uku aka buga ta, bugu mai kyau wanda ke zuwa har gwiwar hannu. Na fizga, ba komai. Na sake jefawa, aka sake bugawa, na fizga har na kusa faɗawa ruwa, ba komai. Sau bakwai ana yi mini haka. Na zagi sandar, na zagi zaren, na ce kifayen tafkin nan sun lalace, ba su iya cin abinci ba. A na takwas na ji nauyi ya zauna, na jawo a hankali, har na ga kifin da idona gefen jirgi, mai laba shida ko fiye, ya cika baki da ɗan kifin tsakiya. Ya dube ni, ya buɗe baki ya saki, ya juya abinsa ba gaggawa.

Sai a lokacin na ɗaga laimar na duba. Ƙugiyoyin suna nan da lanƙwasarsu, daga nesa ba ka ce komai ba. Amma tsinin babu. An yanke shi da filaya, an goge wurin ya yi sumul, duka ukun.

Dariya na fara yi, don na ɗauka na kama shi. Na ce lallai tsufa ya zo, Yaya Verlon ya fito gasa da laimar Juma'a. Na tsallaka baya, wurin da rabona da shi tun ranar da na sayi jirgin, na buɗe akwatinsa in ɗauko ta kirki. Guda goma sha ɗaya ne a jere, kowace a aljihunta, tsaf irin aikinsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Babu wadda za ta iya huda ko takarda.

Na daina dariya. Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun da aka ɗinke kafaɗar."

Da ƙyar na ciro sauran daga bakinsa, guntu-guntu. Fitarsa ta farko bayan aikin kafaɗar, shi kaɗai, wani babban kifi ya kama masa laima, ya fizga, ya ji abu ya ɓalle a ciki. Likita ya ce in aka sake haka, hannun ko taje kai ba zai ƙara yi ba. Jifa a hankali daga ƙasa zai iya, amma fizga da kokawa da kifi sun ƙare. Ya san in Nadine ta ji, makullin motarsa za ta karɓe. Sai ya yanke tsinin ya ci gaba da zuwa. In ya ji an buga, ya san inda suke da zurfinsu, sai ya gaya mini. Lanƙwasar kuwa ya bar ta ne don kada Royce da ire-irensa su leƙo jirgi a bakin ruwa su samu abin faɗa.

Na tsaya ina lissafin hotunan da aka ɗauke ni a shekara biyu, da bayanan da na yi ta zuba wa mutane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum jin zafi cikin sanyin Disamba, kuma da yake ni ne, sai na nemi in ɗora masa laifin.

Na ce, "To don me ka ɓoye mini?"

Ya ce, "Ban ɓoye ba. Taku uku ne tsakaninmu. Da ka juyo, da ka gani."

"Yau kuma da ka yi shiru? Horo ne?"

"A'a. Gani na yi gara ka fara sabawa."

Sai ya ciro ƙugiyoyi masu kaifi daga aljihun rigarsa, ashe kullum yana ɗauke da su saboda ni, ya ɗaura mini a laima guda, ya karɓi sandarsa. Ya yi jifa huɗu, a na biyar na ga bakin sandar ya girgiza, abin da da ina juyowa da na gani sau ɗari. Ya nuna da haɓa ya ce bakin rijiya, ƙirga goma. Kafin lokaci ya cika mun sa huɗu a jirgi. Muka zo na shida, kuma ranar ban ɗaga kifi an ɗauke ni hoto ba.

A mota na ce masa na janye maganata, zan kira Royce a daren nan. Ya ce kada in soma, na riga na ba mutum hannu. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Nadine. Ya ce shi ma ya gaji, sanyi yana shiga kafaɗar yana kwana a ciki, tun bara ya so ya bari. Abin da ya hana shi, in ji shi, ya san in na fara dawowa gida hannu rabbana ƙanwarsa ce za ta sha baƙin raina. Ya faɗi haka ba da wasa ba, yana kallon hanya. Magana zarar bunu ce, tawa kuwa na zare ta tun da safe da maiƙon burodinsa a bakina.

Na yi shekara guda a jirgin Royce, a kujerar baya. Na san ƙeyarsa fiye da yadda matarsa ta san ta, akwai wani tabo ƙarƙashin kunnen hagu da ya kamata ya nuna wa likita. Bai juyo ba sai in yana son ragar kwaso kifi. Allo huɗu, amma ba wanda ya san inda rijiya take. Kifi tara na kama a shekarar gaba ɗaya, mutane suka fara tambaya ko ido ne ya samu matsala. Da Disamba ta zo Royce ya sallame ni. Shi ko burodina bai tsaya ci ba, saƙo ya turo ta waya.

Nadine ta ji labarin ƙugiyoyin daga bakina, don ba na iya riƙe komai. Ta yi kuka, ta je ta wanke yayanta tas, ta dawo ta wanke ni, nawa ya fi tsawo. Jaket kore kuwa har yau yana jikin wasu.

Verlon yana nan, ya shiga saba'in da shida. Har yanzu yana rumfarsa yana lanƙwasa waya, rabin ƙungiya laimarsa suke jefawa, har da Royce. Duk Juma'a nakan tarar da sabuwa a akwatin wasiƙuna, a naɗe cikin jarida, tsininta kamar allura, wani lokaci da 'yar takarda: bakin tsohuwar hanya, ƙirga takwas. Duk Asabar kuma nakan tsaya ƙofar gidansa da jirgi a bayan mota, da burodi biyu, in danna ham. Yakan fito ya karɓi nasa, ya leƙa jirgin ya ce igiyata ta kusa tsinkewa. In na ce ya hau, da sanyi ya ce ruwa ya yi sanyi, da zafi ya ce rana ta yi yawa.

Ban cire kujerar bayan ba, ko da yake tana cin wuri. Ina fita ni kaɗai, in jefa inda takarda ta ce, wani lokaci a buga. Wuyana ya koyi juyawa yanzu, da na ji bugun sai in waiga in gaya masa. Kujerar ce kawai, da rigar ruwansa da na ƙi mayar masa.